Ƙwayoyin Cutar da Ke Lalata Magani Kafin Ya Taɓa Su

A watan Agustan 2016 aka kwantar da wata dattijuwa mai shekaru 70 da ɗoriya a wani asibiti da ke garin Reno na ƙasar Amurka. Ta daɗe a Indiya, inda ta samu karaya a cinya, ta sha kwanciya a asibitocin can. Ƙwayar cutar da aka samu a jikinta, wadda ake kira Klebsiella, an gwada ta da magunguna 26 da ake da su a Amurka, babu ɗaya da ya yi mata ko gezau. A farkon Satumba matar ta rasu.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kare wannan ƙwaya wani sinadari ne da take sarrafawa da kanta, irin wanda masana ke kira enzayim. Fenisilin da danginsa, kamar amoksisilin da allurar seftiriyazon, duk ƙarfinsu yana tattare ne a wani ɗan zobe da ke cikin ginin maganin. Da shi suke hana bakteriya gina bangon jikinta har ta fashe. Shi kuwa enzayim ɗin kamar almakashi yake: yana datse zoben, sai maganin ya tashi a banza. Majiyyaci na shan allura safe da yamma, zazzaɓi na nan daram.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1940, kafin fenisilin ya wadata a asibitoci, masana biyu a Jami'ar Oxford, Edward Abraham da Ernst Chain, suka gano bakteriyar da ke narkar da shi. Daga nan aka shiga tsere. Aka ƙirƙiro sababbin magunguna masu ƙarfi, sai ga shi a 1983 an samu a Jamus wani enzayim da ke karya su, dangin da yanzu ake kira ESBL. Likitoci suka koma ga rukunin kabafenem, irin su merofenem, waɗanda ake ajewa sai tura ta kai bango. Su ma ba su tsira ba. An samu enzayim mai karya su da ake kira KPC a Amurka daga samfurin 1996, sannan NDM-1 a 2008 a jikin wani mazaunin Suwidin da ya yi jinya a New Delhi. Irin wannan na ƙarshen aka samu a jikin dattijuwar Reno.

Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne bakteriya na miƙa wa juna wannan makami. Umarnin haɗa enzayim ɗin yana kan wani ɗan guntun ƙwayar gado da ke iya tsallakawa daga Klebsiella zuwa E. coli, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Asibiti kuwa shi ne mahaɗarsu. A nan ake tara masu rauni, a nan ake zuba magani da yawa, wanda ke kashe ƙwayoyi masu laushi ya bar wa masu taurin kai fili. Robar fitsari da ta kwana biyu a jiki, allurar ƙarin ruwa, raunin tiyata, bututun numfashi, duk ƙofofi ne. Ƙwayar kan zauna a magudanar wurin wanke hannu, ko ta bi hannun ma'aikaci daga gado zuwa gado. Jarirai bakwaini na cikin waɗanda suka fi shiga haɗari.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Ba abin mamaki ba ne a inda ake sayen kafso biyu ko uku a kyamis saboda mura, a daina sha da zarar an ji dama-dama.

Akwai matakan da suke rage ɓarnar. An haɗa wasu magunguna da sinadarin da ke toshe enzayim, kamar Augmentin, sai dai bai iya da NDM-1 ba. Wanda ya fi tasiri shi ne a ɗebi fitsari, jini ko mugunya a kai ɗakin gwaji, a shuka ƙwayar, a ga maganin da ke kashe ta. Sakamakon kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma likita na iya sauya allura bisa abin da ya nuna. Mai jinya ma yana da rawar takawa: ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa majiyyaci da bayan nan, ya tambayi ma'aikaciyar jinya ko lokacin cire robar fitsari ya yi, kuma idan an taɓa kwantar da ɗan'uwansa a wani asibiti cikin watannin baya, ko a gida ko a ƙasar waje, ya faɗa wa likita tun ranar farko.