Mai Awon Dantse

Kayan aikinta ba su cika aljihun jaka ba: ɗan siririn tef mai launi uku, da littafi, da biro. A Makon Lafiyar Mata da Yara, wanda ake yi sau biyu a shekara, da irin waɗannan kaya ma'aikaciyar lafiya ko 'yar sa-kai take fuskantar yaran gari guda, a Fakku ko a ƙauyukan Kebbe da Tambuwal. Duk yaron da ke tsakanin wata 6 da wata 59 nata ne, har wanda ke guje-guje a tsakar gida uwarsa tana cewa lafiyarsa lau. Shi ma dominsa ta fito, don tamowa takan daɗe tana cin yaro kafin ido ya gane.

Awon yana da ladabinsa. Dantsen hagu ake kamawa, a nemi tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a bar hannun ya sake, sannan a zagaya tef. In ta matse, ta jefa lafiyayye cikin marasa lafiya, ta ɗora wa iyaye fargaba da kuɗin mota. In ta sassauta, abin ya fi muni: ta sallami yaron da ke bakin haɗari da albishir na ƙarya. Ja shi ne ƙasa da milimita 115, rawaya daga nan zuwa 125, kore abin da ya haura. Daga nan sai ta danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron biyu na daƙiƙa uku. Idan gurbin ya zauna, kumburi ne, ko da tef ya nuna kore sai an tura shi asibiti a ranar.

Sauran aikin na baki ne. Ba a ce wa uwa ɗanta na da tamowa a gaban kishiya. Gwanar sana'ar takan ja ta gefe: "Ɗiyata, ba laifinki ba ne, kuma akwai magani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce nauyin da ke wuyanta. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sharuɗɗa goma na Wilson da Jungner kan binciken jama'a don gano cutar da ba ta bayyana ba. Cikinsu akwai cewa gwajin ya zama wanda mutane za su yarda da shi, cutar ta kasance da magani, a kuma tanadi wurin bayar da shi. Tef ɗin ya cika na farko, ba allura, ba ɗibar jini. Magani ma akwai, wato haɗin gyaɗa da madara na cikin leda, wanda ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta yi jinyar dubban yara da shi a Maraɗi a 2005. Na ukun ne ke damuna. Duk ranar da uwa ta taka daga ƙauye a tsakiyar damina ta tarar kayan sun ƙare, mutuncin mai awo ne ya zube, kuma baɗi da wuya a miƙo mata hannun yaro.

Wani sharaɗin ya ce binciken ya zama mai ɗorewa, alhali makon lafiyar sau biyu ne kawai a shekara, yaro kuwa kan rame cikin 'yan makonni idan rumbu ya yi ƙasa ga zawo da zazzaɓi. Shi ya sa a Mirriya ta jihar Damagaram, daga 2013, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa iyaye mata awon su riƙa yi a gida, aka tarar ba su gaza ma'aikata ba.