Yadda Ake Gane Tsohuwar Mota a Ƙofar Ruwa

Duk mai mota a Kano, ma'aikacin gwamnati ne ko direban haya, da wuya a ce bai taɓa taka Ƙofar Ruwa ba. A can ne, arewacin birni, ba nisa da Dutsen Dala, kasuwar ƙarafa da kayan gini da kayan gyaran mota ta kafu, har sunanta ya nemi danne na ƙofar ganuwar da ta ara. Idan aka nemi wani ƙarfe na mota aka rasa, abin da makanike kan ce shi ne a je a duba Ƙofar Ruwa, in kuwa ba a samu a can ba, to, sai haƙuri.

A bayan rumfunan, da kuma garejojin da ke kewaye, akan tarar da gawarwakin motoci waɗanda rana da ruwan sama suka cinye fentinsu. Sunan da ke goshinsu ya daɗe da faɗuwa, takardunsu kuwa gara ta gama da su a cikin adaka. Yaran gareji ba su da wahala: in mota tana da faɗi su ce Marsandi ce, in ba ta da shi su ce Fijo ce. Ɗan gwangwan ya fi su sauƙi, domin shi bai tambayi suna ba, nauyi ya tambaya. Ta haka ne magada kan sayar da motar mahaifinsu a kan sikeli, ba tare da sun san ko mece ce ba, balle su san shekarar da ta shigo ƙasar nan. Alhali kuwa mota ba ta rasa shaida a jikinta, kuma akwai sauran dattawan makanikai waɗanda suka iya karanta ta.

Abin da irin waɗannan dattawa kan fara dubawa shi ne sitiyari. Ran 2 ga Afrilu 1972 ne Nijeriya ta bar bin hannun hagu irin na Ingila, ta koma bin hannun dama kamar maƙwabtanta da Faransa ta mulka. Saboda haka tsohuwar motar da aka samu da sitiyari a dama, galibi kafin wannan rana ta shigo. Amma fa wannan awo ba ya aiki ta ɗaya gefen. Sitiyarin hagu bai isa ya nuna cewa bayan 1972 aka kawo ta ba, gama motocin Maraɗi da Damagaram a hagu nasu yake tun fil azal, kuma akwai waɗanda aka juya musu sitiyari daga baya. Mai lura yakan leƙa bangon da ya raba inji da mazauni, ya ga ko akwai tsohon ramin da aka toshe. Agogon gudu ma shaida ne, domin mai lissafin mil ya fi kusa da zamanin Ingilishi, mai kilomita kuwa ko na baya ne ko na ƙasashen Faransa.

Inda gardama ta fi zafi shi ne kan Fijo 404. Wannan mota ta fito a Faransa cikin 1960, ta kuwa karɓu a Arewa ƙwarai, musamman a-kori-kurarta, wadda ta yi shekaru tana jigilar buhuna da mutane tsakanin kasuwannin ƙauye. Sabo da ita ya sa duk motar da aka gani da fitila ƙwaya ɗaya a kowane gefe da 'yan fikafikai a baya, sai a ce ita ce. Ashe tana da 'yan uwa biyu a Ingila, watau Austin Cambridge da Morris Oxford, waɗanda daga nesa ba a raba su da ita. Dalili kuwa shi ne gida ɗaya ne ya zana su, gidan Pininfarina na Italiya, ya sayar wa Ingilishi nasu fasalin ya fito cikin 1959, ya sayar wa Faransawa nasu ya fito shekara guda bayan haka. Har girman injinsu ya kusa zama ɗaya: na 404 cc 1618 ne, na Austin A60 kuwa, wadda aka yi daga 1961 zuwa 1969, cc 1622.

To, yaya ake raba su in babu suna? Dattijo yakan durƙusa ya ƙirga notin ƙafa. Ƙaramar 404 ta ɗaukar mutane noti uku gare ta a kowace ƙafa, Austin da Morris kuwa huɗu. Sa'an nan ya ɗaga murfin inji. Injin Fijo a karkace yake, ya jingina gefe guda kamar mai gyangyaɗi, na Ingila kuwa a tsaye yake cak. In har inji ya riga ya tafi, kamar yadda ya kan faru, sai ya ɗauko sifana. Motar Faransa da ta Jamus da milimita aka auna notinsu, lamba 10 ko 13 ko 17 ta zauna daram, ta Ingila kuwa da inci aka auna, sifanar milimita ko ta yi mata yawa ko ta ƙi shiga. Wannan bambanci ya ci kan noti ba iyaka a hannun yara masu gaggawa.

Kayan wuta su ma suna magana. Lucas na Ingila ne, Bosch na Jamus, Ducellier da Marchal da Cibié na Faransa. Bugu da ƙari, kamfanin Lucas ya saba buga wata da shekara a jikin kayansa, kamar dinamo da injin share gilashi, saboda haka in aka goge maiƙo aka ga 6 da 62, an san cikin watan Yuni 1962 aka yi wannan ƙarfe, motar kuma ba za ta yi nisa da haka ba, muddin ba a sauya shi ba. Akwai kuma tarkon da ya kamata ɗalibin makanikanci ya sani. Yawancin motocin Ingila har cikin shekarun 1960, kan batir mai alamar tarawa shi ake ɗaurawa a jikin mota, akasin yadda ake yi yanzu. Wanda bai sani ba ya haɗa yadda ya saba, ya yi ɓarna.

Wani lokaci akan ga tsohuwar Fijo mai fitila ruwan ɗorawa. Ba ado ba ne. Daga 1937 har zuwa 1993 dokar Faransa ta tilasta wa motocin ƙasar yin amfani da irin wannan fitila, don haka motar da ke ɗauke da ita a Faransa ta fara rayuwa. Da yawa daga cikinsu da ƙafarsu suka zo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsofaffin 404 da 504, su keto Sahara ta Tamanrasset, su sayar a Arlit ko Agadas, daga nan mota ta yi ta sauya hannu tana gangarowa kudu. Wannan hanya ce kuma tseren motoci na London zuwa Munich ya biyo cikin watan Mayu 1974, wanda aka tsara ya sauko har Kano kafin ya juya arewa. Motoci 70 suka tashi, da yawa suka ɓace hanya a hamada, 19 kaɗai suka kai ƙarshe, Citroën DS ce kuma ta zo ta ɗaya.

Motar da ta fi ba matasa mamaki ita ce Igala. Kamfanin Volkswagen na Ikko ya fara harhaɗa motoci cikin 1975, daga 1976 kuma ya fito da wannan, wadda asalinta ta Birazil ce, a can sunanta Brasília, aka raɗa mata sunan gida. Mai kallo yakan ɗauka Passat ce saboda fasalinta da fitilunta huɗu, sai ya ɗaga murfin gaba ya tarar da wurin kaya. Injin yana baya, ƙarƙashin daɓe, kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto, babu wurin zuba ruwa. A ƙarƙashin riga dai 'yar uwar Beetle ce, motar nan mai doro da Yarabawa ke kira Ijapa, watau kunkuru. Ita Beetle ba a ɓata wajen gane ta, shekarunta ne abin tambaya, gilashin baya kuwa shi ke ba da amsa. In a rabe yake gida biyu, bai wuce farkon 1953 ba. In guda ne mai siffar ƙwai, tsakanin 1953 da 1957 ne. Mai faɗi daga nan ya fara. Noti biyar a ƙafa na nufin ba ta wuce 1967 ba, huɗu kuma bayan haka.

Landiroba tana da nata sirrin, wanda shi ne kuma ajalinta. Tun da aka fara yin ta cikin 1948 jikinta na goran ruwa ne, ba ya tsatsa, mayen ƙarfe ma ba ya kama shi. Wadda fitilunta ke tsakiya, kusa da juna a gefen ragar lagireto, ta girmi 1969, wadda kuma ragarta ta roba ce, daga 1971 ne zuwa sama. Sai dai goran ruwa ya fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba, kuma masu zubin tukwane na nemansa. Landirobar da ta kai Di'o rangadi, ko ta kai malaman allurar shanu ruga, ba mamaki yau tana kan murhu ana dafa shinkafar biki a cikinta.

Marsandi ma ba ɗaya ba ce. Mai fikafikai a baya ta shekarun 1960 ce. Mai fitila a tsaye, doguwa daga sama zuwa ƙasa, an yi ta daga 1968 zuwa 1976, irinta ce kuma baƙar 230 da Janar Murtala Muhammed ke ciki ran 13 ga Fabrairu 1976 lokacin da aka harbe shi, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Onikan a Ikko. Wadda ta gaje ta, mai fitila a kwance, daga 1976 ta fara. Bayan wannan rashi ne gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta mai da Fijo 504 motar manyan ma'aikata. Masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna ta riga ta fara aiki tun 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, sai abubuwan biyu suka haɗu, 504 ta cika sakatariya da harabar makarantu. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina, abin da ya sa ba a iya faɗin shekarunta da ido kawai.

A nan ne farantin shasi ke da amfani. Ɗan ƙaramin faranti ne da ake maƙalawa a ɗakin inji ko a jikin ƙofa, ɗauke da irin motar da lambarta. Lamba mai haruffa da alƙaluma 17 tsari ne da ya kankama daga 1981, wadda ta gaza haka galibi ta girme shi. Lambar rajista mai farawa da KN ta nuna an yi mata rajista a Jihar Kano kafin sabon tsarin 1992, koda yake Jihar Kano ta lokacin ta haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse, tun da sai 1991 aka cire Jigawa. Wani lokaci ma akan dace da tambarin dillali a murfin but: SCOA ga Fijo, Mandilas ga Volkswagen, Leventis ga Marsandi, BEWAC ga Landiroba.

Mai karatu na iya cewa, mene ne abin damuwa a kan ruɓaɓɓen ƙarfe? Amsa ita ce akwai lokacin da ƙasar nan ke harhaɗa Fijo a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Steyr a Bauci, Leyland a Badun, manyan motocin Marsandi a Inugu, da na Fiat a nan Kano kan hanyar Zariya. Daga 1986, sa'ad da darajar naira ta faɗi a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, 'yan Kwatano suka maye gurbi, masana'antun suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ke son ganin abin da hannun ma'aikacin Nijeriya ya haɗa cikin 1977, ba a littafi zai taɓa shi ba, sai a jikin wata Igala da ta tsira. Ga kuma maganar kuɗi, domin a Turai akwai masu neman tsofaffin 404 da Landiroba da Beetle mai gilashin ƙwai, suna biyan abin da ya ninka kuɗin sikeli sau da yawa. Magajin da bai san abin da ke hannunsa ba, shi ke asara.

Ba kowace gawa ce za ta tashi ba, kuma ba laifin ɗan gwangwan ba ne, sana'arsa yake yi. Abin da ya fi ƙarfe saurin ƙarewa shi ne mutanen. Yaron da ya shiga gareji yana ɗan shekara 15 a shekarar da aka sauya hannu, yanzu ya doshi 70, yaran da ke koyo a yau kuwa da na'urar kwamfuta suke binciken inji, ba su taɓa saita kafireto da kunne ba. Aiki ne da bai fi ƙarfin Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ba, ko ɗaliban tarihi da na injiniya a Jami'ar Bayero, su zauna da waɗannan dattawa da rikoda, su rubuta sunayen da Hausawa suka ba motoci da sassansu, su ɗauki hoton abin da ya rage. Shi kuwa magajin da ya yanke shawarar sayarwa, kafin a kawo abin yanka ƙarfe, ya ɗauki hoton motar ta fuska huɗu, ya ƙirga notin ƙafa, ya kwance farantin shasi da lambar rajista, ya ajiye su tare da takardun gida.