Bayani A Kan Yis, Da Yadda Ake Gane Mai Rai Da Matacce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Zuwa ga malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Gobir, tun daga Sabon Birni har Isa, ga magana a kan yis, wanda ake sa wa ƙullun waina da kwaɓin fanke da burodi don su tashi.

Ku sani, ya 'yan'uwa, yis ba kamar gishiri ko kanwa yake ba. Halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda aka busar ta yi barci. In ta sami ruwa mai ɗumi da sukari sai ta farka ta ci, ta fitar da iska, iskar nan ita ke kumbura kwaɓi. Wani masani na ƙasar Faransa, Luwis Fasto, ya bayyana haka a shekarar 1857. To, duk mai rai mamaci ne. Zafin bazara da raɓar damina da shigar iska, su ne ajalinsa.

Babban ƙunshi mai giram 500 yakan zo da tauri kamar dutse, domin an zuƙe iskar cikinsa. In ka latsa ka ji laushi, iska ta shiga, sai ka gwada shi.

Ga yadda ake gwaji. A sami ruwa rabin kofi, mai ɗumin da yatsa zai jure, domin ruwan zafi yana kashe shi. A zuba sukari ƙaramin cokali ɗaya, da yis cokali biyu, a motsa, a bar shi minti 10. Kada a sa gishiri. In kumfa ya taso ya cika kofi, yana da rai. In ya taso kaɗan, ya raunana, sai a ƙara yawansa a kuma jira kwaɓi ya daɗe. In ruwa ya kwanta shiru, ya mutu, a zubar.

Yanzu gare ku masu tireda, da kuke ƙulla shi a leda kuna ajiyewa a rana. Matar da ke cikin gida ta aiko yaro ya sayi ƙulli ɗaya, ta jiƙa shinkafa tiya guda, ta kwana tana jira, gari ya waye ƙullu bai tashi ba. Jarinta ke nan ya tafi, alhali ita ba ta da hanyar gane aibin tun farko. Malamai sun san Risala ta hana algus da ɓoye aibin haja. Wanda ya san yis ɗinsa ya mutu ya sayar, hakkin yana wuyansa.

Saboda haka kowa ya gwada kafin ya ƙulla. A ƙulla na 'yan kwanaki kaɗai, saura a rufe cikin kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa inda ba laima. Asarar cokali biyu ta fi asarar amana sauƙi.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, amin. Wassalamu.