Littattafan Soyayyar Komawa Zamanin Da: Ina Ribarmu a Damagaram?

Masu iya magana kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Duk wanda ya saba zaman rumfa a Kasuwar Dole ta Damagaram ya san gaskiyar wannan magana, domin da zarar ciniki ya ja baya sai hira ta koma kan zamanin da, lokacin da tiyar gero take araha, samari suke da kunya, aure kuma yake da daraja. To, ashe ba mu kaɗai ke wannan begen jiya ba. Turawa ma suna yi, sai dai su sun mai da shi haja, suna ƙulla shi cikin littattafan soyayya suna sayarwa, kuma mata ne manyan masu saye.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu tattauna wannan batu shi ne, hajar ta iso har cikin ɗakunanmu. A da, littattafan soyayya na Hausa daga Kano ake saro su, tafiyar kimanin kilomita 240, a kawo su Damagaram tare da atamfa da turare, mata su riƙa karɓar aro hannu zuwa hannu har bango ya yage. Irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa duk ta wannan hanya suka zaga ƙasar Hausa. Yanzu kuwa waya ta ɗauke wa mota wannan dako. 'Ya'yanmu mata na karanta labarai a WhatsApp da Wattpad, suna sauraron wasu a YouTube, suna kallon fina-finan Ingila da Sin da Koriya, kuma a cikinsu akwai wannan sabon launi na budurwar da ta koma zamanin da ta samo miji.

Yadda labarin yake tafiya

Kusan duk ƙirarsu ɗaya ce. Za a kawo mace 'yar wannan zamani wadda aiki ya ishe ta, saurayi ya yaudare ta, sai wani abin al'ajabi ya faru ta buɗe ido ta gan ta shekara 200 a baya, cikin doguwar riga, ga keken doki a ƙofar gida, ga wani ɗan masu ƙasa mai ladabi yana neman aurenta.

Alal misali, a 1991 wata Ba'amurkiya mai suna Diana Gabaldon ta fitar da littafin Outlander, labarin wata ma'aikaciyar jinya da ta taɓa wasu tsofaffin duwatsu a Sikotland bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta faɗa shekarar 1743, har ta yi aure a can. Littafin ya karɓu matuƙa, aka mai da shi wasan talabijin a 2014. Haka kuma a 2007 Laurie Viera Rigler ta rubuta Confessions of a Jane Austen Addict, inda wata budurwa daga birnin Los Anjalis ta farka cikin jikin wata 'yar Ingila a 1813. Shekara guda bayan haka, gidan talabijin na ITV ya nuna Lost in Austen, labarin wata 'yar Landan da ta tarar da ƙofa a bangon makewayinta, ta bi ta ciki ta faɗa gidan mutanen da ke cikin littafin da ta fi so.

Mai karatu zai lura da sunan da yake ta maimaituwa, wato Austen. Jane Austen marubuciya ce 'yar Ingila da aka haifa a 1775 ta rasu a 1817, kuma littafinta Pride and Prejudice, wanda za a iya fassara sunansa da girman kai da mummunan zato, ya fito a 1813. Shi ne rijiyar da yawancin waɗannan marubuta suke ɗiban ruwa a cikinta.

Lissafin da ke bayan soyayyar

Abin da zai ba 'yan kasuwa sha'awa shi ne, littafin Austen na asali rabinsa soyayya ne, rabinsa lissafin kuɗi. Wani magidanci ne da 'ya'ya mata biyar, babu namiji, kuma bisa sharaɗin gadon gidan, ranar da ya mutu gida da gona za su koma hannun wani ɗan'uwansa namiji, matarsa da 'ya'yan su tashi a tutar babu. Shi ya sa uwar take ta fafutukar aurar da su ga masu hali. Samari masu hali a littafin har abin da suke samu a shekara ake faɗi. Shi gwarzon labarin, Darcy, fam 10,000 ne.

Ita kanta marubuciyar ba ta taɓa aure ba. A 1802 ta amsa wa wani mai dukiya da yamma, gari na wayewa ta janye. Littattafanta da suka fito tana raye babu sunanta a kansu, wannan shahararren kuwa ta sayar da shi kacokan a kan fam 110, ribar da ta biyo baya mai ɗab'i ya cinye. Sai a 2017, shekara 200 bayan rasuwarta, Bankin Ingila ya sanya hotonta a takardar fam 10.

Ga kuma maganar da ya kamata kowace mai sana'a ta ji. A Ingilar wancan zamani, da zarar mace ta yi aure, abin da ta shigo da shi da abin da za ta samu da guminta sun zama na miji a idon doka. Sai a 1870 aka fara sassauta wannan, sa'annan dokar 1882 ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta. A daidai lokacin kuwa, kakanninmu mata a ƙasar Hausa suna da awakinsu, suna kaɗi, suna dakan fura da suyar ƙosai, suna zubin adashi, kuma shari'a ta tabbatar musu da sadakinsu da rabonsu na gado, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarsu. Ashe ke nan mai sayar da ƙuli-ƙuli a Damagaram ta riga matar Darcy mallakar jarinta.

Mun san dabarar mai tumatir, manya a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Haka waɗannan sababbin littattafai suke yi wa tarihi. A sama ga rawa da ado da ladabin samari. A ƙasa kuwa akwai mutuwar mata wajen haihuwa, da barorin da ke tashi da asuba su ɗebo ruwa su hura wuta, da gonakin rake na tsibiran Karibiyan inda bayi baƙar fata suke noma sukarin da ake zuba wa shayin. Ingila ba ta hana fataucin bayi ba sai 1807, bautar kanta kuma sai dokar 1833. Baƙar fata ɗaya daga Amurka, Octavia Butler, ta juye kwandon gaba ɗaya a littafinta Kindred na 1979, inda wata mata baƙa ta koma zamanin kakanninta ta tsinci kanta a gonar bayi, ta dawo babu hannu ɗaya.

In da Damagaram za a koma

Yanzu mu ɗauka wata mai sayar da atamfa ta kishingiɗa a rumfarta ranar Alhamis, ta farka a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki kimanin shekara 30 ya rasu a 1884. Ba shakka za ta ga abin kallo. Za ta ga ganuwar da ya kewaye Birni da ita, da fadar sarki, da manyan bindigogin da maƙera suke zubawa a cikin garin. A Zango za ta tarar da ayarin raƙuman Abzinawa da fataken Larabawa suna ɗaure fatu da gashin jimina za su Tarabulus, wasu suna sauke gishirin Bilma, ga kanwa daga gabas, ga baƙaƙen tufafi masu ƙyalli daga marinar Kano.

To sai dai farkon abin da zai tona mata asiri shi ne kuɗin da ke ɗaure a haɓar zanenta. Sefa ba ta ci a wannan kasuwa, wuri ake ƙirgawa. Ko a ƙissar Ashabul Kahfi, wadda ita gaskiya ce ba ƙagen marubuta ba, malaman tafsiri sun bayyana cewa tsohon kuɗin azurfar da aka aiki ɗayansu ya sayo abinci da shi ne ya sa mutanen gari suka gane ba ɗan zamaninsu ba ne. Kasuwa ita ke fara shaida cewa zamani ya juya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A cikin hajar da ake ɗaurewa zuwa arewa har da mutane. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka a Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda ake fita hari a dawo da mata da yara a ɗaure. Saboda haka baiwar Allahn nan da ta farka a wancan zamani ba ta da tabbacin gimbiya za ta zama. Tana iya zama mai saye, tana iya zama abin sayarwa. Bayan 'yan shekaru kuma ga Faransawa tafe. An kashe Kyaftin Cazemajou a garin a 1898, a Yulin 1899 aka gwabza a Tirmini, mulkin Sarki Ahmadu Kuren Daga ya zo ƙarshe. Garin ya zama hedikwatar mulkin mallaka har 1926 da aka mayar da ita Yamai.

Ɗan Damagaram da ya je da ƙafarsa

Abin mamaki, waccan tsohuwar Ingila da matan Turawa suke mafarkin komawa, akwai ɗan ƙasar nan da ya je ta ido da ido. Sunansa Dorugu, haifaffen Dambanas a yankin Kance. Yana yaro aka kama shi a hari aka sayar da shi, ya yi ta sauya iyayen gida har wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu ya bi abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, suka je har Tambutu, suka ƙetare Sahara, suka isa Landan a 1855.

A can ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, daga ranar da aka raba shi da iyayensa har zuwa yadda ya ga Turawa suna cin abinci da yadda matansu suke ado. An buga labarin cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma yana daga cikin tsofaffin labaran Hausa da aka rubuta da boko. Dorugu ya dawo gida daga baya, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912. Yau yara nawa ne a Damagaram suka san sunansa? Amma da yawa daga masu riƙe da waya sun san sarakunan fina-finan Koriya.

Kira ga marubutanmu

Ba muna cewa a daina karatun soyayya ba ne. Mace ta wuni tana ciniki, ta dawo ta yi girki, tana da haƙƙin ta huta da labari mai daɗi, kuma mata da yawa ta wannan hanya karatun bokonsu ya zauna. Haka nan komawa baya cikin labari ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun gasar 1933 Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, labarin uwar da ta ratsa Sahara neman ɗanta da aka sace. A nan Nijar, Abdoulaye Mamani, wanda ya yi rayuwarsa a Damagaram, ya fitar da Sarraounia a 1980, aka mai da shi fim a 1986. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin sarautar Damagaram da wasan kwaikwayo kan Tanimu. Sai dai waɗannan biyun da Faransanci suka yi rubutu, mai tallar fura ba ta kai gare su ba.

Tun da a 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, uzuri ya ragu. Kayan labari na nan jibge, daga budurwar Birni da falken Zango, zuwa matar da mijinta ya bi ayarin Tarabulus ta riƙe gida da kaɗi shekara biyu, zuwa ƙanwar wani yaro irin Dorugu da ta tsaya a bakin ƙofar gari tana jira. Tsofaffin da suka ji waɗannan labarai daga bakin kakanninsu kullum raguwa suke yi. Marubuciyar da za ta je ta zauna da su, ta rubuta soyayyar da daɗinta da ɗacinta ba tare da ta ɓoye ƙasan kwando ba, ba za ta rasa masu saye ba daga Damagaram har Kano da Maraɗi.

Ku kuma iyaye mata, idan kun ga yarinya ta duƙufa kan waya tana begen zamanin keken doki, kada ku ƙwace. Ku zaunar da ita ku yi mata tambayar da kuke yi wa kowane dillali: nawa ne kuɗinsa, kuma wa ya biya? Sa'annan ku ba ta labarin kakarku da sana'ar da ta riƙe gida da ita. Sayen nagari dai mai da kuɗi gida. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.