Mugunya a kwarmin ƙugu bayan fiɗar dajin dubura

Cutar daji da ke kama ƙarshen hanji, kusa da dubura, babban maganinta fiɗa ne. A shekarar 1982 wani likitan ƙasar Ingila, Bil Hild, ya bayyana hanyar da ake bi har yau: a ɗebe ƙarshen hanjin tare da kitsen da ke kewaye da shi, sa'an nan a ɗinke sauran da bakin dubura.

Amma inda aka ɗebe naman, rami ke saura cikin kwarmin ƙugu, inda jini da ruwa kan kwanta. In ɗinkin ya yi yoyo, abin da kan sami wajen mutum 1 cikin 10, sai ƙazanta ta shiga, mugunya ta taru.

Nan wahalar take. Ƙashi ya kewaye wurin, mafitsara tana gaba, hanji yana bisa. In mugunya ta yi yawa, maganin kashe ƙwayoyin cuta bai isa ba, sai an tsiyaye ta. Likita kan duba da sikana, ya soka siririn tiyo ta ɗuwawu, yana kauce wa hanyoyin jini da babbar jijiyar ƙafa. Sau da yawa kuma sai an buɗa wa hanji ƙofa a jikin ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin jaka, domin wurin ya huta.

Wanda aka yi wa gashi da na'ura kafin fiɗa, namansa kan yi tauri, ramin ya ƙi rufewa. Saboda haka likitocin Jamus suka fito da dabarar cusa soso mai tsotsar mugunya ta dubura, ana sake shi kowane kwana 3 ko 4. An lura dabarar ta fi cin nasara in an soma ta da wuri. In an makara, ramin kan shekara yana tsiyaya, maganin dajin da ya saura ya jinkirta, jakar kuma ta zama ta har abada.

To, a ƙasarmu kowace masassara akan ce ta sauro ce. Wanda aka yi wa wannan aiki, in ya ji masassara, ko ciwon ƙugu, ko ya ga mugunya ta dubura, kada dangi su tsaya sayen ƙwayoyi a kasuwa. A maida shi wurin likitan da ya yi fiɗar, a ranar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.