Jar Giyar Bordeaux Da Ƙwayar Hawan Jini

Saƙon ya bi WhatsApp daga zauren 'yan uwa zuwa na tsofaffin ɗalibai, ɗauke da hoton kwalba da kofi mai dogon wuya. Wai jar giyar inabi ta Faransa, mai baurin nan, ruwan 'ya'yan itace ce kawai, tana ƙara jini, tana wanke zuciya, har mai hawan jini zai iya ajiye ƙwayoyinsa. Wanda ya rubuta bai sa sunansa ba, bai ambaci likita ko ɗaya ba, amma bai manta da roƙon a tura wa mutum goma ba.

Baurin dai gaskiya ne. Inabin Cabernet Sauvignon, wanda aka san yankin Bordeaux da shi, yana da ɓawo mai kauri, kuma a ɓawon da ƙwayar ne sinadarin tanin yake. Tanin yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu, sai baki ya bushe, harshe ya yi kaushi. Wanda ya taɓa tauna goro, ko ya sha shayin da ganye ya daɗe a ciki, ya san abin. Shi ne ma majema ke nema a bagaruwa. Nama da kitse suna rage wannan kaifi, shi ya sa Faransawa ke haɗa ta da gasasshen naman rago ko cuku mai tauri, su kauce wa kifi. Zance ne na harshe, bai shafi asibiti ba.

Batun ruwan 'ya'yan itace kuwa, barasar da ke cikinta kashi 13 zuwa 15 ce cikin ɗari, kusan ninki uku na giyar kwalba. Jan launin dangin na zoɓo ne, ba ruwansa da jini. Tanin ma rage wa hanji ƙarfin ɗaukar sinadarin ayon mai gina jini yake yi.

Inda ɓarnar take shi ne zancen zuciya, don yana da tsohon asali. A 1991 shirin 60 Minutes na talabijin ɗin CBS a Amurka ya tattauna da masanin Faransa Serge Renaud kan yadda Faransawa ke cin man shanu da cuku amma ciwon zuciya ba ya kashe su kamar Amurkawa. Aka jingina abin ga jar giya, cinikinta ya tashi. Sai dai bincike-binciken da aka dogara da su kallo ne kawai na wa ke sha, wa ba ya sha. Cikin marasa sha an lissafa da waɗanda ciwo ne ya sa suka daina, masu shan kaɗan kuma galibi masu hali ne da ke ganin likita a kan kari.

Daga baya aka koma kan wani sinadarin ɓawon inabi, resberatrol. A jikin ɓeraye ya nuna alheri, amma kafin ɗan Adam ya samu kwatankwacin abin da aka ba su sai ya sha ɗaruruwan kofuna a rana. A 2012 Jami'ar Connecticut ta sami wani mai bincike a fannin, Dipak Das, da ƙirƙira ko sauya sakamako sau 145. A 2014 aka fitar da binciken da ya bi tsofaffi 783 na yankin Chianti a Italiya har shekara tara: masu yawan sinadarin a jiki ba su fi sauran tsawon rai ba.

Abin da ba a jayayya a kai shi ne yawan barasa yana ɗaga hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 babu wani adadi da za a kira mara haɗari, kuma tun 1988 barasa ke cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Ba wawaye ba ne suka yarda da saƙon. Dattijon da aka ce zai sha ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa, ga tsadar magani, dole ya saurari duk wanda ya nuna masa wata ƙofa. Hawan jini kuma ba ya sallama: mutum zai ajiye ƙwaya ya yi watanni yana jin garau, jinin na hawa, har ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza.