Lome, da rana da dare

Aikin fiton kaya ne ya kai mu Lome, babban birnin Togo. Tun da aka rufe iyakar Benin a shekarar 2023, hajar Nijar mai yawa ta nan take biyowa, ta ratsa Burkina Faso kafin ta iso Yamai.

Da rana ba mu ga teku ba, sai takardu. Tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1968, ta cika maƙil da manyan motoci, direbobinmu suna kwance ƙarƙashinsu suna jiran sa hannun duwan. Duk kwanan da kaya suka ƙara, kuɗin ajiya hawa suke, kuma talakan da zai saya a kasuwar Maraɗi shi ne zai biya.

Sai bayan magariba muka fita bakin ruwa. Ga iska mai gishiri, ga itatuwan kwakwa, ga ragowar gadar ƙarfe ta zamanin Turawa tsaye cikin igiyar ruwa. Can nesa muka hangi fitilu jere, muka zaci wani gari ne. Wani direba ɗan Tawa ya yi dariya, ya ce jirage ne masu jiran layi, wataƙila ma shinkafarmu tana ciki.